Taku Arba'in da Bakwai Daga Giginya

Tungar Sale, bakin Rima,
9 ga Janairu.

Zuwa ga ɗiyata Zakiyya, ɗiyar ƙanwata Ma'u, mai neman ilimi a ƙasar Jamus.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lahiya kamar yadda muke nan. Innarki Laraba, mai ɗakina, ta samu sauƙin ciwon ƙugunta. Mahaifiyarki na gan ta Goronyo wajen suna, ta yi ƙiba. Albasa ta yi kyau bana, sai dai tsutsa ta ɗan taɓa ta yamma.

Ki dubi rubutun nan da kyau. Ba wanda nib biya yar rubuta mani shi. Ni, Mode kawunki, ina da shekara hamsin da takwas, na kammala ajin yaƙi da jahilci, kuma cikin mutum goma sha tara ni niz zo na biyu. Daga yau ba ni aika maki saƙo ta waya, don maganar waya iska ce. Zan riƙa rubutawa, mai shagon kwamfuta na Wurno shi tura maki, amsarki kuma shi buga ta ga takarda in karɓa.

Ga babban dalilin takardata. Makon jiya muna ginar rijiya cikin fadama, ni da maƙwabcina Lawwali, sai diga tad daki wani abu mai tauri. Da munka share, sai ga muƙamuƙin wata dabba kwance cikin yumɓu, haƙora jere, kowane ya kusa dunƙulen hannuna. Na cire babban. Sauran sun kahe, rijiyar kuma ba ta ba da ruwa ba, sai munka maida ƙasa don kada shanu su faɗa.

Lawwali ya ce wai jakin kakansa ne da yaɓ ɓata zamanin yunwa. Nic ce mai, "Jakin kakanka da hauren giwa shika kiwo?" Majalisa ta yi dariya, amma har yanzu shina nan kan bakansa.

Ma'u ta shaida mani aikinki shi ne tambayar tsohon haƙori shekarunsa da wata na'ura. In gaskiya ne, to, ga haƙori gida ya samu. Na riga na faɗa gaban jama'a cewa ɗiyata za ta raba wagga gardama.

Naki kawu,
Malam Mode Tungar Sale, da hannunsa.

*

Jamus,
12 ga Janairu.

Zuwa ga Kawu Mode.

Gaisuwa da girmamawa. Ina lafiya, sai sanyi da kewar gida. A gaishe da Inna Laraba, Allah ya ƙara sauƙi. Kawu, sau uku na karanta takardarka. Rubutunka ya fi na likitoci da yawa.

Labarin haƙorin ya hana ni zama. Bari in yi maka bayanin aikina. Cikin farin ɓawon haƙori akwai wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ake kira elektiron, kowane yana juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa. Ƙasar da haƙori ke kwance cikinta tana fitar da wani ƙarfi da ido ba ya gani, shi ke ture su ɗaya bayan ɗaya su maƙale cikin ɓawon. Ka ɗauka tulu ne aka aje ƙarƙashin ɗigon ruwa. In ka auna ruwan da ya taru, ka kuma san yawan ɗigon kowace shekara, ka san daɗewar tulun. Na'urarmu babban mayen ƙarfe ce mai jera katantanwoyin nan ta ƙirga su. Ƙasar wurin kuwa ita ke faɗa mana yawan ɗigon.

Shekara uku ina gyara yadda ake wannan awo, don na'urar ta ƙara ji, ta kuma bambance sahihiyar alama da hayaniya ta hanyar sauraron juyin ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da su. An ba ni na'urar kwana biyar daga 26 ga Fabrairu in nuna gyaran nawa yana aiki a kan abin da ba a taɓa aunawa ba. Wanda ya rasa lokacinsa sai bayan wata takwas, izinin zamana kuwa ba zai kai nan ba. Kowa a nan da haƙoran kogunan duwatsun Turai yake aiki. Ni yau na rubuta wa malamaina cewa da haƙorin Rima zan yi nawa.

Don Allah Kawu, abu uku. Kada a wanke shi. Kada ya kusanci wuta ko kaɗan, don zafi kifar da tulun yake yi. A haɗo shi da ƙasar da ke manne da shi, a faɗa mani zurfin ramin.

Dakta Siddiq, malamin jami'a a Sakkwato da muke aiki tare, zai taso nan ƙarshen wata, shi zai nemi takardar izini ya zo da shi. Zan kira Mama ta gaya maka takarda na jiranka Wurno.

Ɗiyarka,
Zakiyya.

*

Tungar Sale,
24 ga Janairu.

Zuwa ga ɗiyata Zakiyya.

Bayan gaisuwa, muna lahiya. Laraba har ta koma daka. Ni kuwa mura tat taɓa ni kwana biyu, na sha citta ta wuce.

Ma'u ta kira ta ce kina son haƙorin, a kai wa wani Dakta Siddiq Sakkwato kahin ƙarshen wata. Ta kuma ce kin aiko takarda Wurno. Ban samu zuwa ba, don ban ruwan albasa bai ba ni sarari ba, amma tunda na san abin da kike so, ban tsaya jira ba. Wagga takardar tare da kayan za ta taho.

Ina son ki san ban yi wa aikinki riƙon sakainar kashi ba. Gidanmu ba a taɓa aika wa baƙi kaya da dauɗa ba, balle manyan malamai. Ga yadda nit tsara shi.

Da farko na jiƙa shi wuni guda har yumɓun yan narke. Sannan niw wanke shi da sabulu, nic cuɗe shi da toka da yashi mai laushi, nib bi lungunansa da tsinke. Daga nan nit tuna tahiyar da nisa. Mu jikokin masunta mun san abin da duk yaf fito jikin dabba, in zai yi doguwar tahiya, banda aka yi mai, in ba haka ba ƙwari su shige shi ko shi yi wari cikin jirgi a ji kunya. Saboda haka nis sa shi murhun bandar kihi. Da nig ga hayaƙi bai shiga ƙashi kamar yadda shika shiga tsoka, sai nit tura shi cikin garwashin kansa, kwana uku ana ƙara itace. Laraba ta ce, "Malam, wanga abu kihi na?" Nic ce mata aikin ilimi ba a koyon shi bakin murhu.

Ya ɗan tsage gefe guda, amma na shafe shi da man shanu, yanzu shina ƙyalli kamar tangaran. Na naɗe shi cikin sabon farin ƙyalle. Lawwali ma da yag gan shi yac ce, "Kai, jakin kakana bai taɓa yin kyau haka ba."

Jama'a na tambayata kullum. Ki gaggauta da amsa, amma kada ki yi garaje ga awo.

Naki kawu,
Malam Mode.

*

Jamus,
5 ga Fabrairu.

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Dakta Siddiq ya iso da saƙonka, na ga irin wahalar da ka sha a kansa, Allah ya saka da alheri.

Kawu, ban san yadda zan faɗa ba sai dai in faɗa. Na gwada ɗan ɓawonsa a ƙaramar na'urarmu ta gwaji, alamar ta tafi. Wutar ta kifar da tulun. Ƙasar da za ta faɗa mana ɗigon kuma an wanke ta. Haƙorin dorina ne, wannan na tabbatar, amma ba zai ƙara faɗin shekarunsa ba har abada.

Laifina ne da ban nanata wa Mama sharuɗɗan a waya ba. Na ɗauka za ka karanta takardar kafin komai.

Saura kwana ashirin da ɗaya. Ka ce sauran haƙoran suna cikin ramin. Za a iya sake gano wurin? Dakta Siddiq zai koma gida jibi, ya ce in wani ya iso hannunsa kafin 17 ga wata, zai turo ta kamfanin aika kaya ya same ni a kan lokaci. In ba zai yiwu ba, ka sanar da ni da wuri in je in gaya wa malamaina ba ni da abin awo.

Don Allah ka je Wurno ka karanta takarduna duka biyu.

Zakiyya.

*

Tungar Sale,
15 ga Fabrairu.

Zuwa ga ɗiyata Zakiyya.

Bayan gaisuwa, kowa lahiya. Ni dai bayana ke ciwo, kuma za ki ji dalili.

Ma'u ta kira ni, ba ko gaisuwar kirki, tac ce, "Yaya, mi kay yi wa yarinyata take kuka?" Nan take nih hau kabu-kabu zuwa Wurno. Mai shago ya miƙo mani takardunki biyu, ta farkon har ta yi wata guda ƙarƙashin littafinsa. Na zauna bisa benci na karanta da kaina. Da niz zo wurin da kic ce kada a wanke, kada a kai wuta, a haɗo da ƙasa, sai nig ga abu ukun nan duk na saɓa su, ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda anka ba jerin abin da zai ɓata. Na daɗe zaune har mai shago yat tambaye ni ko rasuwa anka yi.

Kin ce laifinki ne. Ba na karɓar wagga magana. An koya mani karatu, takarda tana jirana, ni kuma nif fifita ban ruwan albasa. Na rubuta wanga da hannuna don shi zama shaida.

Da nid dawo nig gaya wa Laraba. Sai tac ce, "To, ashe dai ba kihi ba na." Na haɗiye maganar.

Yanzu ga abin da yaf faru. Ranar nan kuma anka yi shela za a saki ruwan dam na Goronyo nan da kwana huɗu don masu noman rani na ƙasa. Kin san in anka saki ruwa, kwarin fadamarmu ke fara cika, sai ya yi makonni bai janye ba. Ramin kuwa tun da munka cike shi an baje wurin, an ja kwamin albasa bisa, ko alama babu. Nit tahi wajen Lawwali nic ce shi tuna mani wurin. Ya nuna kusa da tsohuwar magudana. Ni kuma zuciyata ta ba ni ya fi nan gabas. Munka yi ta gardama har rana tat take.

Sai nit tuna da littafina. Malaminmu na aji ya umurce mu kowa shi riƙa rubuta abin da yay yi kullum don hannu shi saba. Da yawa sun watsar, ni ban taɓa tsallake rana ba. Na aika gida Laraba ta kawo shi da kanta. Ga abin da ke shafin 3 ga Janairu, na kwafo maki: "Yau mun gina rijiya. Daga gindin giginya taku arba'in da bakwai, ana fuskantar alƙibla. Zurhi gaba biyu da kamu ɗaya. Sama baƙar ƙasa, sai yashi, sai yumɓu mai ruwan toka. An samu ƙashin dabba cikin yumɓun. Babu ruwa."

Na karanta da ƙarhi gaban mutane. Lawwali ya ce, "Kai har takunka kake rubutawa? Gobe sai atishawa." Amma shi yaf fara zuwa gindin giginya yana ƙirga. Munka gina inda yat tsaya wuni guda cur, ni da shi da mutum biyu na tunga, muna tumɓuke albasata da hannunmu. Ba mu samu komi ba sai ƙasar da ba a taɓa taɓawa ba. Da la'asar na zauna bakin ramin. Laraba da tak kawo mana hura ta dubi Lawwali, ta dube ni, tac ce, "Malam, takun wa anka rubuta? Wanga dogon ƙafa kamar zalɓe, taku nai guda ai naka ɗaya da rabi na."

Wallahi Zakiyya, kamar an yaye mani mayahi daga ido. Da sassahe nik koma gindin giginya, nif fuskanci alƙibla, nit taka da ƙafata, ba gaggawa, arba'in da bakwai. Na tsaya nesa da ramin jiya, baya da shi ƙwarai. Diga na shiga munka ji ƙasar da taushi. Lawwali yac ce, "Allahu akbar, jakina na nan!" Kahin azahar ta kwana na biyu munka kai yumɓun, ga muƙamuƙin nan kwance yadda munka bar shi.

Sai dai akwai abin da dole in faɗa maki. Ruwa ya fara tsattsafowa ƙasan ramin, bangon kuma ya fara zubowa. Muƙamuƙin ya ƙi motsi. Ban yarda mutane su daɗe ciki ba. Na sa wuƙa na yanko dunƙulen yumɓu daga bakin haƙoran, bango ya rufto bisa sauran, munka hito da ƙyar. Da nid duba dunƙulen, ba cikakken haƙori ciki, sai ɓallin farin ɓawo da bai wuce ƙwayar wake ba. Washegari ruwan dam ya iso. Yanzu wurin tabki ne.

Ban wanke ba. Ban goge ba. Ko hura mai iska ban yi ba. Na sa dunƙulen cikin leda biyu, na ƙara ƙasar yashi da ta sama kowace da ledarta, na rubuta sunanta. Da nik kai wa Dakta Siddiq yau da hannuna, na ji nauyin miƙa wa babban mutum laka cikin leda, har nif fara ba shi haƙuri. Shi kuwa ya karɓa da hannu biyu.

Na san ya yi ƙanƙanta. Na farko da ke da girma na ƙone shi, na biyu kuma ga abin da yas samu. In bai isa ba, ki gaya wa malamanki kawunki ne sanadi, ki ba su sunana.

Naki kawu,
Mode.

*

Jamus,
4 ga Maris.

Kawu! Kawu!

Ka yafe mani, gaisuwa ta biyo baya. Ina lafiya, ina fatan bayanka ya yi sauƙi. A gaishe da Inna Laraba gaisuwa ta musamman, a gaishe da Baba Lawwali.

Ya yi magana!

Kawu, ka ce ya yi ƙanƙanta. Ka san mi na kwashe shekara uku ina yi? A tsohuwar hanya sai an niƙe babban yanki na haƙori kafin na'ura ta ji wani abu. Gyaran da na yi shi ne ta ji daga abin da bai fi ƙwayar gero ba. Da ka aiko cikakken haƙori, da wasu sun ce ai kowa ma zai iya. Ƙwayar wakenka na raba ta huɗu. Kwana biyu na farko ban ga komai ba sai hayaniya, har na fara shirya maganar da zan yi wa malamaina. Rana ta uku na sake saita na'urar, alamar ta fito tsaf. Na auna duka huɗun, amsarsu ta zo ɗaya. Babban malaminmu, wanda ba ya yabon kowa, ya cire tabarau ya sake dubawa.

An auna ledojin ƙasar, an haɗa da zurfin da ka rubuta. Dorinar nan ta mutu kimanin shekara dubu goma sha huɗu da suka wuce, da ƙari ko ragin dubu biyu. Ka gaya wa Baba Lawwali ya binciki shekarun kakansa.

Ina da roƙo. Ba don shafin littafinka ba, da ba a gano wurin ba, da kuma ba a san zurfin ba. Ina son in sa hotonsa cikin kundin digirina, da sunanka a matsayin wanda ya samo abin awo ya kuma rubuta bayanin wurin. Sai da izininka.

Ɗiyarka,
Zakiyya.

*

Tungar Sale,
9 ga Maris.

Zuwa ga ɗiyata Zakiyya, Dakta in Allah ya yarda.

Bayan gaisuwa, muna lahiya, baya ya saki, ana shirin azumi. Wannan karon ranar da takardarki tas sauka Wurno, ranar nik karɓe ta.

Na karanta ta ga majalisa bayan sallar la'asar, sau biyu, don waɗanda sunka zo daga baya. Da niz zo ga dubu goma sha huɗu, sai kowa yaj juya yad dubi Lawwali. Lawwali ya daɗe shina shafa gemu, sannan yac ce, "To, na janye jaki. Amma ni nig gina rabin ramin." Wanga gaskiya ne, har da ramin da bai da amfani.

Na ba da izini, bisa sharaɗi biyu. Na ɗaya, a rubuta Malam Mode Tungar Sale cikakke. Na biyu, a sa sunan Lawwali da na Laraba ƙarƙashin nawa, don shi yag gina, ita kuma tag gane ƙafa. Ƙonannen haƙorin a maido mani shi in an samu mai zuwa. Zan aje shi inda zan riƙa ganinsa duk ranar da takarda ke jirana.

Game da shafin littafin, da nib buɗe shi sai nig ga ranar ginar nan ya sha laka. Akwai shatar babban yatsana bisa kalmar giginya, ga kuma wurin da nik kuskure rubuta "arba'in" nis soke. Na ce wanga ba zai shiga gaban malaman Turai haka ba. Na sayo sabuwar takarda, na ja layi, na ɗauki biro zan sake kwafe shi cikin tsabta. Laraba tana tsaye bakin ƙohwa. Sai tad dubi murhun banda, tad dube ni.

Na aje biron. Ga shafin nan mai shago ya ɗauki hotonsa yadda shike, da lakarsa. Ban goge komi ba.

Naki kawu,
Malam Mode Tungar Sale, da hannunsa.